A Kai Bikin Littattafai Rano Da Kibiya

Cikin 'yan shekarun nan wata kyakkyawar al'ada ta fara kafuwa a manyan biranen Arewa, watau shirya bikin littattafai, inda marubuta da manazarta da masu sayar da littattafai kan taru na kwana biyu ko uku, a yi jawabai, a yi muhawara, a karanta waƙoƙi, a kuma keɓe wa yara nasu fili. An fara Bikin Littattafai da Fasaha na Kaduna cikin 2017 da taimakon Gwamnatin wannan Jiha. Cikin 2021 kuma ƙungiyar Open Arts, a ƙarƙashin Malam Sada Malumfashi, ta buɗe wani bikin a Kaduna wanda ya ba rubutun Hausa fifiko. A nan Kano ma reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya ya daɗe yana tara 'ya'yansa domin karatu da sharhi, ga kuma Makon Hausa da ɗaliban Jami'ar Bayero suka saba yi tun tuni. Duk wanda ya san darajar ilmi ba zai ƙi yaba wa waɗanda suka ɗauki wannan ɗawainiya ba.

To, amma akwai abin dubawa. Kusan dukan waɗannan tarurruka a birni ake yin su, cikin zauren jami'a ko na otel, kuma galibin mahalartansu mutane ne waɗanda dama littafi ba baƙonsu ba ne: malaman jami'a, 'yan jarida, ɗalibai masu neman digiri. Yaron da ke aji biyar a firamaren Rurum, ko yarinyar da ke ƙaramar sakandare a Tarai, ba su da labarin ana yi, balle su sami kuɗin mota. Da yawa daga irin waɗannan yara za su gama makaranta ba su taɓa ganin mutumin da ya rubuta littafi ido da ido ba, kuma ba su taɓa mallakar wani littafin boko nasu na kansu ba in ban da na rubutu. Saboda haka lokaci ya yi da Gwamnatin Jihar Kano za ta fitar da wannan biki daga cikin ganuwa ta kai shi karkara, kuma Rano da Kibiya sun cancanci a fara da su.

Dalilin zaɓen Rano ba ɓoyayye ba ne. Kowane ɗan makaranta ya haddace sunanta cikin jerin Hausa Bakwai, kuma masana tarihi sun ce ita da Kano ake kira Sarakunan Baba saboda rini. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarkin Rano tun zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. Garin da ke da irin wannan asali bai kamata a ce sai dai a ambace shi cikin jarrabawa ba. Ƙidayar 2006 ta nuna Rano da Kibiya, in an haɗa, sun haura mutum dubu 280, kuma ba shakka yau sun wuce haka nesa. Daɗin daɗawa, dokar masarautu ta 2024 ta sa Rano da Kibiya da Bunkure ƙarƙashin Sarki ɗaya, watau ke nan akwai fadar da za ta iya kiran hakimai da dagatai da masu unguwanni su fito da jama'arsu. A Rano akwai makarantun sakandare, akwai kuma reshen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha mai koyar da sana'o'in karkara. Wurin zama da inuwa ba za su gagara ba, kuma daga Kano tafiyar ba ta kai awa biyu a mota ba.

Wani zai ce ai bikin littattafai sai birni, inda masu saye suke. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Ɗaya daga cikin bukukuwan littattafai mafiya suna a duniya ana yin sa ne a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Hay, a yankin Wales na ƙasar Birtaniya, wanda mazaunansa ba su kai dubu 2 ba. An fara shi cikin 1988, yau kuwa manyan marubutan duniya ke tururuwa can kowace shekara. Ba a ce Rano ta zama Hay ba, domin kowace ƙasa da irin halinta. Abin da misalin ya nuna kawai shi ne ƙanƙantar gari ba ta hana shi karɓar marubuta.

Ba ma sai an je Turai neman misali ba. Rubutun zube na Hausa kansa hukuma ce ta raine shi. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya cikin 1933, a hannun Dokta Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano. Cikin shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu arha, ta kuma fitar da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, domin kada wanda ya koyi karatu a ajin yamma ya rasa abin karantawa. Mutanen wancan zamani sun gane cewa wanda aka koya wa a, ba, ca aka bar shi ba takarda, cikin shekara biyu zai manta. Haka nan Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya cikin 1980, ta buɗe azuzuwa har ƙauyuka, har Hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo cikin 1983. Jihar da ta yi wannan ba za ta ce kai marubuta ashirin Rano ya fi ƙarfinta ba. Cikin watan Yuni na 2024 Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, aka dukufa wajen gyaran azuzuwa da samar da kujeru. Aiki ne mai kyau, sai dai bayan an zaunar da yaro a kan kujera dole a sa masa abin karantawa a hannu.

Abu na farko da ya kamata masu shiryawa su yi wa tunani shi ne lokaci. Turawa kan yi irin wannan biki lokacin zafinsu, sa'ad da makarantu ke hutu kuma rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. In aka kwaikwayi wannan ido rufe, aka sa bikin cikin dogon hutu, to an sa shi tsakiyar damina ke nan. A watan Agusta yaron Kibiya yana gona tare da mahaifinsa, ƙanwarsa tana kai abinci, rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi wajen taki, hanyoyin ƙauye kuma sun jiƙe. Wanda ya kira taro a wannan lokaci zai sami manyan baƙi da kujeru, jama'a kuwa suna daji. Gaskiya ne Ranar Hausa, wadda aka fara cikin 2015, tana faɗowa ranar 26 ga Agusta, kuma ba laifi a yi ɗan ƙwarya-ƙwaryan taro a ranar. Amma babban biki ya fi dacewa da kaka, ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba, bayan an kai gero da dawa da gyaɗa gida, kafin a rufe makarantu. A lokacin ne manomi ke da 'yan kuɗin da zai iya saya wa ɗansa littafi, malamai kuma suna bakin aiki, za su iya kawo yara aji-aji.

Abu na biyu, su wa za a gayyato? Ba shakka za a so a ga shaihunan malamai daga Jami'ar Bayero, kuma zuwansu zai ƙara wa taron kwarjini. Amma waɗanda mutanen karkara suka sani su ne marubutan da ake kira na Adabin Kasuwar Kano, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, mai Alhaki Kuykuyo Ne, da waɗanda suka biyo bayansu, waɗanda aka riƙa karanta littattafansu a gidajen rediyo, yanzu kuma ake saurare a wayoyin hannu. A nan ne za a ci karo da wata tsohuwar rigima. Iyaye da malamai da dama suna zargin littattafan soyayya da ɓata tarbiyya, har ta kai cikin 2007 aka ƙona wasu a wata makarantar 'yan mata a Kano. Ƙonawar ba ta hana rubutu ba, ba ta kuma hana karatu ba, sai dai ta mayar da shi ƙarƙashin filo. Ya fi kyau marubuci ya zauna gaban limamin gari da shugabar makaranta da iyaye, su faɗa masa abin da suke ƙi, shi kuma ya kare kansa in yana da abin karewa. Akwai littattafan banza cikinsu, wannan ba musu. Akwai kuma waɗanda suka yi magana a kan auren dole da sakin wulaƙanci da hana 'ya mace karatu tun lokacin da mutane da yawa ke jin nauyin ɗaga zancen.

Kada kuma a manta cewa mata su ne mafi yawan masu karanta waɗannan littattafai, kuma yawancin matan aure ba za su fito filin taro su cakuɗa da maza ba. In ana son su amfana, sai a keɓe musu yini guda a makarantar 'yan mata ko Islamiyya, marubuta mata su je musu. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara cikin 2016 ta fito da marubuta mata masu yawa waɗanda za su iya wannan aiki.

Batun muhawara kuwa, a bar wa ɗaliban sakandare fili, Rano ta kara da Kibiya, Bunkure ta shigo, kamar yadda aka saba yi a da. Sai dai a ba su batun da ya shafi rayuwarsu. Alal misali, da wane harshe ya kamata a koyar da yaron firamare? Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa. Cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi haka har shekara shida, sa'an nan cikin Nuwamba na 2025 aka ba da sanarwar soke tsarin, aka koma Turanci. An yanke waɗannan shawarwari duka ba tare da an tambayi yaran da abin ya faɗa kansu ba. Zai yi amfani jami'an Ma'aikatar Ilmi su zauna su ji abin da ɗalibin Kibiya zai ce game da yadda ya fahimci lissafi, da Hausa ko da Turanci.

Filin yara shi ne zuciyar bikin, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Tatsuniya, kacici-kacici, karin magana, gasar karatu a bayyane, da gasar rubuta ɗan gajeren labari a kan garinsu. A gayyato tsofaffi mata su yi tatsuniya, a ɗauki muryoyinsu a ajiye, domin kowace shekara ana binne wasu da abin da suka sani. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha ita ce ta dace da wannan. Haka kuma a buɗe ƙofa ga almajiran tsangaya. Sau da yawa akan lissafa su cikin marasa karatu, alhali kuwa wasunsu suna karanta ajami sarai, kuma da ajami aka rubuta waƙoƙin Hausa shekaru masu yawa kafin zuwan boko. Gasar rubutun ajami za ta jawo alarammomi cikin bikin maimakon su tsaya daga nesa suna kallon sa a matsayin sha'anin 'yan boko.

Saura maganar kuɗi, wadda a nan ne irin waɗannan shirye-shirye kan lalace. Kowa ya san yadda akan yi: a kafa kwamiti mai mutum arba'in, a ɗinka riguna da huluna, a kafa rumfuna, a yanka shanu, a share rabin yini ana jawaban godiya ga manyan baƙi, marubucin da aka gayyato kuma a ba shi minti biyar gab da azahar. Kashegari sai a share fili, ba abin da ya saura. Maganin wannan shi ne tun wajen tsara kasafi a rubuta cewa kaso mafi girma na sayen littattafai ne, daga hannun marubuta da kamfanonin ɗab'i na gida, kuma littattafan nan a Rano da Kibiya za su zauna. Kowace makarantar da ta halarta ta koma da akwati guda, da rajista, da malami ɗaya da aka ɗora wa alhakin ba da aro. Kowane yaron da ya shiga gasa, ko ya ci ko bai ci ba, ya tafi gida da littafi mai sunansa a ciki. Bayan wata shida Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jiha ta aika jami'anta su duba rajistar, su ga ko ana ba yara, ko kuwa an kulle akwatin a ofishin hedimasta gara na ci.

Ƙananan Hukumomin biyu ba su da uzurin noƙewa, domin abin da ake bukata daga gare su bai wuce motocin ɗauko yara daga Saji da Zurgu da Durba da Fammar ba, da abincin rana. 'Yan asalin yankin da ke aikin Gwamnati a Kano da Abuja su ma suna da rawar takawa: mutum ɗaya zai iya ɗaukar nauyin akwatin makarantar da ya yi. Ƙungiyoyin ɗaliban Rano da na Kibiya da ke manyan makarantu kuwa su ne za su yi alƙalancin gasar yara, su kuma zaga ƙauyuka da sanarwa. In ana son a yi bikin cikin kaka mai zuwa, dole Ma'aikatar Ilmi ta sa shi cikin lissafinta tun yanzu, ta kuma aika wa shugabannin makarantu takarda kafin a koma zangon farko, domin malamai su sami lokacin shirya yaransu.