A Bar Ruwa Ya Huta

Iyayenmu mata na Zango sun fi kowa sanin cewa babban giwan ruwa ya yi wuya a kasuwa. Ruwa kuwa ba ya tsami banza: taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su isa yin ƙwai ba.

Tarwada da karfasa suna karɓar kiwo a kududdufi. Shi giwan ruwa kifi yake ci, kiwonsa na da wuya, don haka ɗorewarsa tana ga kogi.

Kabawan Argungu a Najeriya sun daɗe da sanin magani. Sarkin Ruwa kan hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar biki, kuma a bikin 2020 an fito da mai kilo 78. A nan Togo ma, hukuma kan rufe tafkin Nangbeto na kogin Mono daga 15 ga Agusta zuwa 15 ga Nuwamba, domin kifi ya hayayyafa.

Namu aikin yana kasuwa. Uwargida, in an miƙo miki ɗan giwan ruwa da bai wuce tafin hannu ba, ki bar shi, ki sayi tarwadar kiwo. Ranar da masu saye suka ƙi, masunta za su sauya taru.