Hannun Jari Ko Cinikin Biri A Sama?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Tsafe ko ta Bungudu ya san ƙa'ida: sai an kwance bakin buhu, mai saye ya tura hannu har ƙasa, kafin a fara auna tiya. Mai sayen hannun jari ba shi da wannan gata. Bai ga masana'anta ba, bai ga rumbun kaya ba. Abin da ke gabansa kawai alƙaluman da kamfani ya miƙa wa kasuwar hannun jari ta Legas, ita kuma ta wallafa. Idan alƙaluman nan na bogi ne, an yi cinikin biri a sama ke nan.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2004 Babban Banki, ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo, ya umarci bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Aka shiga tallar hannun jari ba ji ba gani. A nan Gusau na ga malaman makaranta da 'yan fansho sun zuba abin da suka tara, wasu har da bashi, don an nuna musu riba a takarda. A 2006 ta bayyana cewa an kumbura lissafin kamfanin Cadbury da kimanin naira biliyan 13. A 2008 kasuwar ta rushe. A watan Agustan 2009 Malam Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, ciki har da Oceanic da Intercontinental, waɗanda rahotanninsu ba su nuna tarin bashin da ya danne su ba. Manya sun ji ƙishin-ƙishin tun da wuri, sun janye. Na nesa da Legas aka bari da takardun shaida a ƙasan akwati.

Na taso da zancen ne saboda a 2024 an sake ɗaga jarin, har zuwa naira biliyan 500 ga manyan bankuna, tallar kuma ta dawo, wannan karon ta wayar hannu.

Akwai kuma matsalar da ta shafi fannina. Rahoton da aka rubuta da Turancin akantoci, ko da gaskiya ne, bai isa ga ɗan kasuwar Tsafe ba. Fassarar ma sai an yi hattara: a rubutun boko, riba ta ciniki da riba ta kuɗin ruwa haruffansu ɗaya ne, karin sauti da tsawon wasali ne suka raba su, alhali ga Musulmi tazararsu ta halal da haram ce.

Saboda haka ina kira ga kasuwar NGX da hukumar SEC su wajabta wa kowane kamfani taƙaitaccen rahoto da Hausa, shafi ɗaya tak: abin da ya samu, bashin da ake bin sa, nawa ne daga kuɗin ruwa, da sunan akantan da ya sa hannu. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu za su iya daidaita kalmomin, in an nemi su yi.