"Ei, Bi, Si" Ba Karatu Ba Ne

Jama'ar Fakku, ku da kuka sauke ajin yaƙi da jahilci, da ku nake. Yaro ya komo gida yana rera "ei, bi, si," sai uba ya hau murna, wai ɗansa ya iya karatu. Ina! Waƙa ce kurum. Rubuta masa "gero" a ƙasa, ka ga ya yi tsuru.

Ashe kun manta da makarantar allo? Babbaƙu tukuna, sa'an nan farfaru. Boko ma haka ne, wasulansa biyar kacal. Bayan la'asar zauna da yaro, ku haɗa g da e, r da o, har gero ya fito daga bakinsa. Gobe ku kama ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda waƙar Turawa ba ta san da zamansu ba.