Tawakkali Ko Sakaci?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya ku 'yan'uwana matasa, makon jiya na je gida Kanya Babba dubiyar kawuna. Na tarar da shi kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma da ƙyar take fita. Bara aka auna shi a Babban Asibitin Babura, aka ce yana da hawan jini, aka rubuta masa magani. Ya sha na wata guda, da ciwon kai ya lafa sai ya ajiye, ya ce lafiya ta Allah ce. Yanzu masu zuwa gaishe shi wasu na cewa iska ce ta shafe shi, wasu na cewa ƙaddara ce.

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma wallahi mu ji tsoron Allah, mu daina lulluɓe sakacinmu da rigar tawakkali. A hadisin Tirmizi, Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar (RA) ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can, ya kuma bayyana cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da na basir. Shin mun fi waɗannan bayin Allah tawakkali ne?

Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, yana lalata zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Awo ne kaɗai ke tona shi. Idan ana yawan samun 140/90 ko fiye, to a ga likita. Maganinsa kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi, sai da izinin likita.

Laifin har da mu da muka yi karatu. Muna kwana kan intanet, amma ba mu san awon jinin mahaifanmu ba. Mukan zauna gaban likita kamar an ɗinke mana baki, mu fito ba mu san sunan cutar ba, balle na maganin. Ɗan'uwa, ka tambaya: me ke damuna? Yaya zan sha? Har yaushe? Me zan bari? 'Yar'uwa, ki adana katin asibitin Inna, ki rage mata gishiri a miya, ki tuna mata ranar komawa. Wannan ma biyayya ce ga iyaye.

Jikin nan amana ne, za a kuma tambaye mu a kansa. Ina roƙon ku sa kawuna a addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Wassalamu alaikum.