Birnin da ke ƙarƙashin Nottingham

Idan aka ambaci Nottingham a majalisa, matasa za su tuna ƙungiyar ƙwallon Forest, 'yan boko kuwa su tuna tatsuniyar Robin Hood, ɓarawon nan da aka ce yana kwashe dukiyar attajirai ya raba wa talakawa. Ni ma da wannan sanin na sauka garin lokacin karatuna na digiri na uku. Sai da na yi watanni kafin na gane cewa a kan rufin wani gari nake tafiya kullum.

Birnin yana zaune ne a kan wani dutse mai laushi, wanda ake iya sassaƙawa da diga. Shekaru aru-aru mazauna garin suna haƙa ɗakuna a cikinsa, har yanzu an ƙidaya koguna sama da 800, kuma babu wanda ba hannun mutum ne ya haƙa shi ba. Tun a shekarar 893 wani malamin coci mai suna Asser, wanda ya rubuta tarihin Sarki Alfred, ya kira wurin da sunan da ke nufin gidan koguna.

Ɗaya daga cikinsu ya taɓa sauya mulkin Ingila. A watan Oktoba na 1330, mutanen Sarki Edward na Uku, wanda bai cika shekara 18 ba, suka bi ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa cikin dare suka shiga fādar garin. Suka kama Roger Mortimer, wanda ke juya ƙasar tare da mahaifiyar sarkin. Bayan 'yan makonni aka rataye shi a Landan.

Amma yawancin kogunan na talakawa ne. Akwai rumbunan ajiya, akwai majema inda ake jiƙa fatu a ramuka, sai dai inda majemanmu ke sa bagaruwa, su ɓawon itace suke sawa. Akwai kuma ɗakunan da matalauta suka yi haya babu iska babu haske, har dokar 1845 ta hana. A yaƙin duniya na biyu, jama'a sun sake fakewa cikinsu lokacin da jiragen Jamus suka yi wa garin ruwan bama-bamai a watan Mayu na 1941.

Abin lura shi ne, abin da yaƙi bai ci ba, gine-ginen zamani sun kusa cinyewa. An cike koguna da dama da kankare don kafa harsashi. Da za a gina kasuwar zamani ta Broadmarsh, wadda aka buɗe a shekarun 1970, an rushe Drury Hill, tsohon titi mai ɗaruruwan shekaru. Kogunan da ke ƙarƙashinta sun tsira ne saboda masu kishin tarihi sun tsaya kai da fata. A 2020 kamfanin da ke da kasuwar ya durƙushe, aka rushe wani sashe nata. Ba ta kai shekara 50 ba, majemar kuwa tana nan ana ziyartarta. Titin dai ya tafi ke nan.

Daga 2010 masana suka fara bin kogunan ɗaya bayan ɗaya suna auna su da na'ura, suna shigar da su rajista. Wannan aikin ba ya jan 'yan kallo, amma shi ne maganin. Mai gini ba ya tsoron abin da babu shi a takarda.

Fādar sarki tana da masu kare ta a ko'ina. Wurin sana'ar talaka ne maraya, alhali shi ke faɗa mana yadda aka ci, aka kwana, aka nemi na tuwo. Duk garin da bai ƙidaya irin waɗannan wurare ba, ranar da katafila ta iso, ba zai ma san abin da ya rasa ba.