Albashi Ko Alkawari?

'Yan'uwa ɗalibai, duk shekara idan aka yaye masu karatun kwamfuta, wasu kan nufi sakatariya neman aikin gwamnati, wasu kuwa su faɗa ƙananan kamfanonin fasaha masu tasowa. Mu muna cikin kashi na biyu, abin da muka gano can kuwa shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Ba mu ga laifin mai ɗoki ba. Tun da Stripe ya sayi Paystack a 2020 kan dala miliyan 200 da ɗoriya, kowane saurayi mai kwamfuta a cinya ya ɗauka gobe tasa ce. Amma kuɗin da akasarin waɗannan kamfanoni ke ci ba riba ba ce, jarin wasu ne, jari kuwa ruwan randa ne, ba na rijiya ba. Da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460, ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfaninmu da naira yake ciniki, da dala yake biyan hayar na'urorin da manhajarsa ke aiki a kansu.

Shayin ofis aka fara yankewa. Sa'an nan albashin ranar 25 ya koma 10 ga watan gaba, daga bisani ya zama rabi. Kullum shugaba sai ya ce masu jari suna hanya. Abokan aiki suka riƙa sulalewa, aikinsu yana hawa kanmu. A gaskiya mun koyi aikin da ba a koyo a ma'aikata cikin shekara biyar, sai dai mai gidan haya ba ya karɓar ƙwarewa.

Can aka ce mu yi haƙuri, za a ba mu hannun jari a madadin ariyas. A nan ne muke jan kunnenku. A dokar kamfanoni ta 2020, idan kamfani ya rushe, albashin ma'aikata yana cikin basussukan da ake fara biya, masu hannun jari kuwa su ne na ƙarshe, in wani abu ya rage. Wanda ya musanya albashinsa da hannun jari ya bar gaban layi ke nan ya koma baya, da hannunsa.

Ba mu ce a guji waɗannan kamfanoni ba, karyewar ciniki ba abin kunya ba ne. Ɓoye wa ma'aikaci gaskiya shi ne laifin. Duk wanda aka yi wa tayin aiki, ya tambaya ba kunya: kuɗin da ke asusu na wata nawa ne? Ya duba ko ana zuba masa kuɗin fansho, kashi 10 daga kamfani, kashi 8 daga albashinsa. In an yi masa alkawarin hannun jari, a sa a takarda, da hatimi. Mu namu da baki aka yi shi, a wajen cin tsire.