Kafin a sayo sabon inji, a ba mu firizar da ba ta mutuwa

Duk wanda ya yi damina a Jambutu ko Doubeli ya san ƙorafin: an rataya gidan sauro mai magani, sauro ya sauka a kansa ya tashi garau. Sai a ce gidan ne jabu. Sau da yawa ba haka ba ne. Bincike a sassan Afirka, har da arewacin Najeriya, ya nuna wasu ƙwayoyin gadon sauro, irin su CYP6P3 da CYP6M2, kan ninka aikinsu, su samar da sinadarin da ke narkar da gubar kafin ta kashe shi. Ko haka lamarin yake ga sauron fadamar Geriyo? Mu masu aikin ɗakin gwaje-gwaje a Yola za mu iya auna wannan da hannunmu. Sanyi ne ya gagare mu.

DNA kamar littafi ne a ajiye, RNA kuwa rubutun allo ne: darasin da ake karantawa yau shi ake rubutawa, gobe a wanke. Mai son sanin ƙwayar gadon da ke aiki, da yawan aikinta, RNA zai duba. To amma injin PCR, wanda Kary Mullis ya ƙirƙiro dabararsa a 1983, DNA kaɗai yake iya ninkawa. Dole a fara mai da RNA ta koma DNA. Sinadarin da ke yin haka Howard Temin da David Baltimore ne suka gano shi a 1970, kowa a nasa ɗakin binciken a Amurka, aka ba su lambar Nobel a 1975. Yau ana sayar da shi a ɗan akwatin da bai cika tafin hannu ba, tare da mahaɗansa a 'yan ƙananan kwalabe. Ka ɗiga, ka haɗa da RNA, ka bar shi a zafin digiri 37 zuwa 42 na kamar awa guda, shi ke nan. Da wannan matakin ake gano korona, da shi ake gano zazzaɓin Lassa, cutar da ta samo suna a 1969 daga garin Lassa da ke maƙwabtaka da mu a Borno.

Sharaɗin akwatin sinadarin ɗaya ne, ya zauna a digiri 20 ƙasa da sifili. RNA ɗin da aka tatso ta fi shi laulayi, digiri 80 ƙasa da sifili take so, kuma ko taɓa kwalbarta ba safar hannu na iya lalata ta. Mu kuwa a Maris da Afrilu zafin Jimeta kan wuce digiri 40. Akwatin daga ƙasar waje ake shigo da shi, ya bi ta Legas ko Abuja, wani lokaci ya ƙarasa iso mana a mota cikin ƙanƙarar da ta zama ruwa. In ya iso lafiya, a ɗauke wuta daren Juma'a, man janareta ya ƙare, a dawo Litinin.

Abin da ke ci mini rai shi ne sinadarin da ya raunana ba ya wari, ba ya canja launi. Inji zai fitar da lambobi, ɗaliba ta zana jadawali, ta rubuta cewa ƙwayar gado kaza ta rage aiki, alhali firiza ce ta narke. Na ga 'yan digiri na biyu sun haɗa kuɗin aljihunsu, wasu har da bashi, sun sayi akwati ɗaya, sannan saboda tsimi suka tsallake gwajin tabbatarwa: kwalbar da ake haɗawa ba tare da sinadarin ba don a ga ko DNA ta gurɓata samfurin, da ƙwayar gadon da ake auna sauran da ita. Tun 2009 masana suka fitar da ƙa'idojin MIQE a kan haka. Ban ga laifin yaran ba. Malamin da ya sa hannu bai nemi waɗannan ba shi ya kamata a tambaya.

Mun fi son abin da ake yanka wa kyalle: gini, da inji mai sheƙi. Kuɗin sinadarai da na sanyi ba su da bikin buɗewa, shi ya sa ake manta su a kasafi.

Muna da Jami'ar Modibbo Adama a Girei, da asibitin koyarwarta, da Jami'ar Amurka ta Najeriya, da Asibitin Ƙwararru a Jimeta, duk tafiyar da ba ta kai awa ba. Ina roƙon shugabanninsu su haɗa ƙarfi a ɗaki guda: firiza biyu a kan sola da batir, ma'aunin da ke rubuta sanyin dare da rana, da ma'aikaci mai albashi wanda aikinsa ke nan. A riƙa yin odar sinadarai tare, a jirgi, cikin busasshiyar ƙanƙara, ɗalibi ya biya kuɗin ɗigon da ya yi amfani da shi kawai. Masu neman tallafin TETFund kuma su sa kuɗin sanyi a layin farko na takardarsu, kuma duk kundin digirin da ya dogara da wannan gwaji a liƙa masa takardar ma'aunin firizar kafin a kai shi gaban masu jarrabawa.